Yamai zuwa Tawa ta hanyar Ƙonni: yadda za ka shirya ka isa da rana

Wanda anka tura aiki Tawa, da ɗalibin da ya samu wuri a jami'ar can, da mai zuwa biki ko gaisuwar rasuwa cikin Adar, duk tambayarsu guda ce, ta ina ake bi, awa nawa ne, ina ake tsayawa a ci abinci. To ɗan uwa ga bayani, amma tun yanzu ka riƙe abu guda, hanyar nan ta rana ce, duk shirin da za ka yi ka yi shi yadda magariba za ta iske ka cikin garin Tawa, ba bisa godoro ba.

Hanyar ba ta da ɓata. Daga Yamai ka kama babbar hanyar ƙasa, RN1, wadda ta miƙe har Diffa, ka bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, ka wuce Ƙonni kaɗan ka iske mararrabar Tsarnawa, nan za ka saki RN1 ka karya hagu ka yi arewa bisa RN29 sai Tawa. Duka-duka kilomita wajen 550 ne. In ka raba ta huɗu lissahin ya zo maka da sauƙi don kusan kai ɗaya suke, Yamai zuwa Doso wajen 140, Doso zuwa Dutsi wajen 135, Dutsi zuwa Ƙonni wajen 145, Ƙonni zuwa Tawa wajen 130. Kowane yanki ka ba shi awa biyu da ƴan kai, ka ƙara lokacin shingaye da salla da cin abinci, ka ga ke nan wanda ya tashi da asuba tsakanin azahar da la'asar ya kamata a ce ya sauka.

Wani zai ce maka ai akwai ta Balleyara da Filinge, ta hi kusa. I, bisa taswira ta hi kusa, amma ta ratsa yankin da matsalar tsaro ta daɗe tana damu, tun 2017 akwai wurare cikin jihar Tillaberi da arewacin jihar Tawa da ke cikin dokar ta-ɓaci. Baƙo ba ya bin ta don kawai waya ta nuna mishi gajeruwa ce. Ka bi inda manyan motocin fasinja ke bi, in kuma akwai wani sabon labari bisa hanya direbobin tasha sun riga kowa ji, su za ka tambaya daren tahiya, ba masu hira cikin WhatsApp ba.

Maganar mota. Kamfanonin bus kamar su Rimbo da STM da sauransu duk suna zuwa Tawa, kuma tashin asuba ne mahi yawa. Ka yanki tikenka tun jajibiri, musamman gab da salla ƙarama ko ta layya ko komawar lakkal, lokacin nan wanda ya ce sai da sahe ya je ya yanka sai dai ya ga ƙura. In da hali ka kai kayanka tun da marece a auna a manna musu lamba, kai kuma ka rubuta sunanka da lambar wayarka da babban alƙalami bisa buhu ko jaka, don buhunan nan masu zane duk kamarsu ɗaya, a Ƙonni wani zai sauka da naka da zuciya ɗaya yana ganin nashi ne. Wajen zaɓen kujera kar ka yarda da can baya bisa taya, kowane gari da za ku ratsa akwai dodan, wato tudun rage gudu, biyu uku, na baya shi ke shan su duka. In an ba ka zaɓi ɗauki ɓangaren dama, don bayan Tsarnawa mota arewa ta dosa, ranar azahar da la'asar ta hagu take dukan mutane. Kuma ka sa riga mai kauri ko mayahi kusa, kilim ɗin asuba ba wasa, balle cikin watan sanyi.

Akwai kuma ƙananan motoci na tasha, su iyas. Sun hi araha amma sai sun cika suke tashi, kuma kowane ƙauye sai an sauke an ɗauka, ɗan kamasho zai rantse maka saura mutum biyu alhali kujera shida ba kowa. Ni dai ban ba mai zuwa Tawa kai tsaye shawarar su ba, amfaninsu ga wanda zai sauka wani ƙauye inda bus ba ya tsayawa.

Kart dantite ɗinka cikin aljihu, ba cikin jakar da ke ƙarƙashin mota ba. Hitar Yamai da shigar manyan garuruwa akwai shingen ƴan sanda ko jandarma, wani wuri su shigo su duba, wani wuri a ce kowa ya sauka a bi layi, in naka na cikin kaya ka tsaida mota guda ana neman jakarka mutane suna ta tsaki. Mai tahiya da yara ya ɗauki takardar haihuwarsu. Kar ka ɗaga waya kana hoto ko bidiyo kusa da shinge ko ayarin soja, ko da ba su kake ɗauka ba, wahalar bayani ta ishe ka. Sannan ka nemi canji tun Yamai, ƴan dala ashirin, dala hamsin, dala ɗari, jikka-jikka, don yarinyar da ke miƙo maka ruwa ta taga ba ta da canjin jikka goma kuma direba ba zai jira ku ba.

In da motarka za ka, to lissahin ya ƙaru. Permi, kart giriz, asirans, binyet, bizit, duk ka duba kwanan watansu kamin ranar, takardar peyaji kuma da ka biya ka aje ta wuri guda kar ka yar, gaba za a ce ka nuna. Tayar sakur mai iska, ba wadda ke kwance cikin but tun bara ba a taɓa dubawa ba, da jak, da bidon ruwa na radiyata daban da na sha. Ka cika tanki a Yamai, ka ƙara a Doso ko Dutsi ko Ƙonni ko da kana ganin zai kai, akwai ranakun da za ka iske gidan mai a bushe. Man kwalba na bakin hanya, ruwa-ruwa, da can araha ce ke sa mutane sayen shi, tun da Najeriya ta cire tallahin mai a 2023 arahar ta tahi, abin da ya rage sai haɗarin gauraye da datti. In dole ta sa ka saya ka ce a tace da ƙyalle gabanka.

To an tashi. Kuna wuce hilin jirgin Diori Hamani gari ya fara ƙarewa. Za ka riƙa ganin layin dogo yana rakiyar hanya, shi ne wanda anka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, kar ka sa rai da ganin jirgi bisanshi. Wajen kilomita 60 sai Kure, ƙasar raƙuman dawa. Waɗannan su ne na ƙarshe irinsu a duk Afirka ta Yamma, cikin shekarun 1990 sun ragu har ba su kai hamsin ba, yanzu da kiyayewa sun haura ɗari shida. Da damana suke hawowa tudu kusa da godoro, da rani su gangara cikin kwarin Dallol Boso, don haka mai sa'a yana iya hango wuyansu bisa itace ta taga, mai tuƙi kuma ya rage gudu nan don sukan tsallaka hanya kuma ba su san sauri ba. Ka gani daga cikin mota ka wuce, shiga daji yawon kallo ba kamar da ba ne tun harin da ƴan bindiga sunka kai ma masu yawon kallo nan cikin watan Agusta na 2020.

Daga nan hanya ta gangara Dallol Boso, ka ga ƙasa ta canza, goriba da giginya da lambuna, sai Birnin Gaure. Ba a daɗewa nan. Doso ce tsayawar farko ta sosai, garin Zarmakoy, mai son ganin fada sai ya dawo wata rana don bus ba zai ba ka wannan lokacin ba. Abin da mai tuƙi zai kula da shi a Doso guda ne, akwai hanyar da ta yi kudu zuwa Gaya da iyakar Benin, manyan motoci da yawa can suke karyawa, kar ka bi bayansu ido ruhe, kai gabas ka nufa, in ka yi shakka ka tsaya ka ce ina hanyar Dutsi. Har nan Zabarmanci ya hi yawa a bakin masu talla, ko da yake Hausa ma tana ci.

Bayan Doso sai Bolbol, sai Kore Mairuwa, nan kunnenka zai gaya maka ka shigo Arewa, tallar ma da Hausa ake yi maka ita. Kana hango duwatsun nan jajaye masu kai a baje ka san Dogon Dutsi ta kusa, kuma ka yi rabin tahiya.

Dutsi nan ne wurin cin abinci, nan ya kamata ka zamna da kyau in direba ya ba da lokaci. Ka fara da ban ɗaki da alwala kamin layi ya yi tsawo, abinci ya biyo baya. Masu nama suna nan jere, kar ka saye na gehen tire da ya huce ƙuda na bi, ka nuna wanda ke bisa wuta, mai naman kirki da kanshi zai yanko ɗan ƙarami ya miƙo maka bisa bakin wuƙa ka ɗanɗana, in ya yi maka ka ce na jikka ko na dala ɗari, ya yayyanka bisa takarda ya barbaɗa yaji ya watsa albasa ya naɗe. Da burodi da shayi ka gama. Hura da nono akwai, mai daɗi ma, amma wanda cikinshi bai saba da ruwan ko'ina ba ya bari sai ya sauka, awa biyu ne gaba babu tsayawa kuma ba kowane direba ke jin magiya ba. Lokacin sanyi zuwa farkon zahi za ka iske dankalin turawa na lambunan Dutsi, ya cancanci tsaraba in kana da wurin sa shi. Abu guda da ke kama baƙi nan, motocin kamfani guda uku huɗu kan tsaya lokaci ɗaya, launi guda, wata Maradi za ta, wata Damagaram, wata Agadas, to kamin ka sauka ka dubi lambar taka ka kuma gane huskar maƙwabcinka na kujera, ka ce mishi Malam ko Hajiya don Allah in an tashi ban dawo ba a yi magana. In ranar Juma'a ce kasuwar garin ke ci, cinkoso ya hi na kullum.

Can arewa maso gabas da Dutsi, cikin ƙasar Dankasari, nan Lugu take, garin Sarauniya Mangu wadda ta tsaya ma sojan Faransa na Voulet da Chanoine a 1899. Ba bisa godoro take ba, ba za ka gan ta ba, amma ya kamata mai wucewa ya san ƙasar da yake takawa, don rundunar nan da ta bar Lugu ita ce ta je ta ƙone Birnin Ƙonni cikin wannan shekarar, kusan hanyar da kake bi yau sunka bi.

Dutsi zuwa Ƙonni shi ne yankin da ba na son wasa da shi. Garuruwan sun yi nisa da juna, Dankasari, Yaya, sai ƙananan ƙauyuka, iyakar Najeriya tana nan kusa ta hannun dama, kuma ƴan shekarun nan ana samun labarin ƴan bindiga cikin dajin yankin. Ba wai a tsorata ka ba ne, motoci na wucewa kullum, amma nan ba wurin tsayawa shan iska ko ɗaukar hoto ba ne, ba kuma wurin da za ka bari dare ya same ka ba. Mai motar kanshi ya yi ƙoƙari ya bi bayan wani bus ko wasu motoci, in wani ya tsaida ka tsakiyar daji ba kaki ba shinge kar ka taka birki. Rezo ma yana ɗaukewa wuri-wuri, ka kira gida tun Dutsi ka ce ga inda kake. Gab da Ƙonni za ka wuce Masalata, garin da ya shahara da bikin arwa na Azna inda ake duban abin da shekara za ta zo da shi.

Ƙonni garin iyaka ce kuma da ganinta ka sani. Illela ta Najeriya ƴan kilomita kaɗan ce, Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba, ƴan canji na zamne da damin naira da sefa, kabu-kabu ta ko'ina, ranar Laraba kuwa da kasuwa ke ci sai ka yi haƙuri da hanya. Nan ake sallar azahar galibi. Kaya suna da araha, atamfa, robobi, kayan waya, sai dai ka tuna akwai duwan gaba, abin amfanin gida ba matsala, amma in ka loda kamar mai buɗe shago za a tambaye ka takarda. Kuma don Allah kar ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba, ko tsohuwa ce ta ce ɗana kai ma jikana wannan ƙulli a Tawa, ka ce Inna ki ba ma'aikatan mota su rubuta, akwai hanyar aika saƙo. Abin da ke cikin ƙulli in an buɗe a shinge naka ne.

Kilomita wajen 15 gaba sai Tsarnawa. Mai tuƙi ya buɗe ido, in ka miƙe ka tahi Malbaza mai gidan siminti, Galmi, Madawa, Maradi, kai hagu za ka yi. Warin albasa zai gaya maka ka iso tun kamin allo. Galmi da sunanta ya bi albasar Nijar har Abijan da Akara tana can gaba bisa RN1, ba ta kan hanyarka, amma irin albasar ce ake nomawa duk kwarin Maggiya, kuma Tsarnawa babbar matattara ce. In za ka saya, daga watan 3 zuwa na 5 lokacin ɗiba ne, araha har ka ji tausayin manomi, daga damana zuwa ƙarshen shekara kuwa ta yi tsada. Kar ka yarda da na saman buhu, manya masu sheƙi nan ake jera su, ka sa a zazzage ko ka tura hannu ƙasa, ka matsa wuyan albasar da yatsa, in ya bushe ƙam za ta yi wata da watanni, in ya yi laushi ko da ɗan danshi kwana kaɗan za ta fara ruɓa ta ɓata sauran. Ka yi ciniki da sauri, bus minti kaɗan yake ba mutane nan in ma ya tsaya.

Daga Tsarnawa ka shiga Adar sosai, ƙasar dutse, tudu ka hau kwari ka gangara, jan dutse baje ko'ina, sai cikin kwaruruka ka ga kore. Wannan ita ce hanyar da ta wuce Tawa ta tahi Abalak, Agadas har Arlit, don haka manyan motoci ba sa ƙarewa, ga na albasa da anka yi ma lodi ya hi ƙarhinsu suna tahiya a karkace. Mutane suna ganin an kusa sai su saki jiki, alhali nan ne direba ya gaji, ya ci abinci a Ƙonni, rana ta daki kwalta, cikin watan 4 da na 5 zahi yana wuce 40. In kai ke tuƙi kuma ka ji ido na nauyi ka tsaya cikin gari, Dabnu ko Badagishiri, ka wanke huska ka sha shayi, minti goma ba za su sa dare ya yi ba. In ka ga ganye ko reshen itace an jejjera bisa godoro, ba yara ne sunka yi wasa ba, alama ce babbar mota ta lalace gaba, galibi bayan kwana ko bisa hawa inda ba ka hango ta, ka rage gudu tun daga reshen farko. Kar ka wuce babbar mota bisa hawa ko da karen motar na yi maka hannu.

Badagishiri ranar Alhamis kasuwa ke ci, babbar kasuwar bisashe ce, tun daga nesa za ka fara haɗuwa da garken awaki da raƙuma da amalanken jakai, kuma da marece duk waɗannan za su koma gida bisa godoron nan ba hitila ba komi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da ya sa nake ta nanata a wuce da rana. Nan ne kuma ake karyawa zuwa Illela ta Nijar, kar ka rikita ta da ta Najeriya in kana tambayar hanya.

Da damana akwai ƙarin magana. Ruwan Adar bisa dutse yake sauka, ba ya nutsewa, cikin ɗan lokaci ƙoramar da ka sani busassa ta cika tana jan itace, ko da inda kake ba a yi ɗigo ba. In ka iske ruwa na gudu bisa hanya kuma ka ga mutanen wurin sun tsaya, ka kashe mota ka tsaya tare da su, awa ɗaya biyu ya janye, kar ka ce motata mai tsawo ce. Ba Adar kaɗai ba ma, damanar 2024 ruwa ya yanke RN1 a bakin hitar Yamai har motoci sunka yi kwanaki ba shiga ba hita, don haka watan 8 ka tambayi halin hanya kamin ka yanki tike. Lokacin hazo kuma, watan 12 zuwa na 2, ka kunna hitila ko da tsakar rana ne.

Shingen shiga Tawa shi ne na ƙarshe, kart ɗinka kuma. Kowane kamfani da tasharshi cikin gari, don haka ka gaya ma mai tarbarka sunan kamfanin, kar ka ce mishi tasha kawai. Kabu-kabu da adaidaita suna bakin ƙofa, ka yi ciniki kamin ka hau, in kaya sun yi yawa ka ɗauki adaidaita. Ka ƙirga kayanka da lambar da anka ba ka kamin ka bar wurin. Mai ƴan kwanaki ya leƙa kasuwa ranar Lahadi, ya ga hilin kokowa, don a garin nan anka fara gasar kokowa ta ƙasa, ta cin takobi, a 1975. Tsarabar komawa cuku ne da kilishi, cukun ka zaɓi busasshe sosai in zai kwana bisa hanya, ka sa shi cikin takarda ba leda ba don kar ya yi gumi. Tiken komawa shi ma tun jajibiri, tashin asuba ne kamar na zuwa, wanda kuma zai wuce Abalak ko Agadas ya kwana Tawa ya tambayi yadda ake tahiyar wannan satin, don can tsarin ayari da rakiya yana canzawa.